Na ajiye aikin ƙaramar hukuma na kama aikin dala daga ɗakina

Mahaifina akawu ne a ƙaramar hukuma. Ya kama aiki tun ana ce wa wurin En'e, yana nan aka yi garambawul ɗin 1976 wanda ya kawo tsarin ƙananan hukumomin da muke gani yau, kuma a nan ya cika shekara 35 ya yi ritaya. Da wannan albashin ya ciyar da mu, ya sa mu makaranta, ya gina gidan da muka tashi a ciki. Ko ba a faɗa mana ba mun san ranar da aka yi albashi, domin ranar ne yake shigowa da ƙunshin tsire a rataye a kekensa, Inna kuma ta aike mu mu biya mai kanti bashin wata. A unguwarmu in aka ce wane ma'aikacin gwamnati ne, to an gama yabonsa. Ana ba shi bashi ba tare da an rubuta ba, ana ba shi aure ba dogon bincike.

Da wannan tunanin na girma. Shi ya sa a 2013, bayan na gama babbar difloma a fannin akanta na yi bautar ƙasa, da aka ɗauke ni aiki a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin cikin birninmu, Baba ya riƙe takardar ya karanta ya sake karantawa, sannan ya ce, "Uwata, kin samu abin da ba ya yankewa." Sunan mahaifiyarsa aka sa min, bai taɓa kirana da sunana ba.

A sashen kuɗi aka ajiye ni, mataki na 8. Aikinmu baucoci ne, da littafin shige da ficen kuɗi, da rasitan harajin kasuwa, na tasha, na rumfuna. Masu karɓar haraji su dawo da la'asar da kuɗi a leda da guntayen rasit, mu zauna mu daidaita. Komai a takarda yake. In fayil ya ɓace sai a wuni a ɗakin ajiya ana tonon ƙura. Ni da kaina na yi adashe na sayi kwamfuta ta hannu a gwanjo, na riƙa shigar da lissafin a Excel, sai ga aikin da ake kwanaki ana yi ina gama shi kafin azahar. Wasu sun ji daɗin haka, wasu kuma ba su so ba, domin lissafin da ya fito fili ba ya yi wa kowa daɗi.

Wanda bai yi aiki a ƙaramar hukuma ba zai ɗauka kuɗin a hannunmu yake. A lokacin, kason da ake bayarwa daga asusun tarayya ba kai tsaye yake zuwa ba, asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi yake fara faɗawa, daga can a rabo. Mu da ake kira 'yan sashen kuɗi, jiran alat muke yi kamar kowa. Aka yi min ƙarin girma a takarda, kuɗin bai biyo baya ba sai da aka ɗauki dogon lokaci. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 30 a 2019, abin da ya hau kan namu na tsakiyar tsani bai taka kara ya karya ba. Duk da haka ba na kuka. Maigidana malamin firamare ne, in muka haɗa nawa da nasa muna rufa wa kanmu asiri da 'ya'yanmu uku.

A 2020 na fara jin ana cewa aiki daga gida. Korona ta shigo, gwamnatin tarayya ta ce ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna a gida, jihohi ma suka bi. A wurinmu zaman gida kawai aka yi, don ba yadda za a yi ka yi aiki a gida alhali fayilolin suna kulle a sakatariya. A lokacin ƙanina, wanda yake aiki da wani kamfani mai zaman kansa a Abuja, kullen ya rutsa da shi a gidan Baba. Ina kallonsa yana zaune a kan tabarma, kwamfuta a cinya, yana taro da mutanen ofishinsu ta Zoom, aiki bai tsaya ba ko na rana ɗaya. Na girme shi, na riga shi fara aiki, amma da ya nuna min albashinsa ya ninka nawa har sau huɗu. Shi ne ya ce, "Yaya, lissafin nan da kike yi ana biyan dala a kansa. Ki koyi manhajar lissafi ta QuickBooks." Na fara kallon darussa a YouTube da datar dare mai arha, ba don ina da niyyar zuwa ko'ina ba, sai don zaman ya ishe ni.

Ƙarshen shekarar ne ƙafafun maigidana suka fara kumbura. Aka ce ƙoda ce. Duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya san abin da nake nufi: zama ɗaya yana cinye abin da ya kusa albashina na wata, kuma a mako ba sau ɗaya ake so ba. Muka sayar da babur ɗinsa, na sayar da 'yan kunnena da sarƙa, muka sayar da filin da muka yi shekaru muna biya kaɗan-kaɗan. Ranar da ba mu da kuɗin wanki sai ya ce ai yau ya ji sauƙi, ba sai an je ba, ni kuma ina ganin yadda numfashi yake masa wuya. Mu biyu ma'aikatan gwamnati, amma mun kasa sayen lafiyar mutum ɗaya. Allah Ya karɓi abinsa a 2021. Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki ne.

Takaba ta zaunar da ni wata huɗu da kwana goma. Dare ne ya fi min wuya. In yara suka yi barci sai gidan ya yi min faɗi, sai in buɗe kwamfuta in ci gaba da darussan nan don kada tunani ya kashe ni. Kafin in fita takaba na iya abin sosai.

Na koma ofis da albashi ɗaya da baki huɗu. Muna ta jan ƙafa har ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a 'yan kwanaki, kafin Yuli ya ƙare ta wuce 600. Daga gidana zuwa sakatariya adaidaita sahu biyu nake hawa. Na zauna na yi lissafi, tunda shi ne sana'ata, na ga kuɗin motar zuwa aiki kaɗai zai cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin da bai kai dubu 70 ba. Jihar Kwara da ta Edo suka rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako. Legas ma daga baya, a farkon 2024, ta ba ma'aikata daga mataki na 1 zuwa na 14 damar yin kwana biyu suna aiki daga gida. Mu ba wata takarda da ta fito. Sai mutane suka tsara wa kansu: wane ya zo Litinin da Laraba, wance ta zo Talata da Alhamis, a sa wa juna hannu a rajista. Ba na zargin kowa. Na ga dattijo mai mataki na 4 yana takowa a ƙafa tun daga bayan gari, ya iso gumi ya jiƙe masa riga, ya zauna bai karya ba. Amma wanda ya zo neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ko izinin rumfa, shi ne yake tarar da ƙofa a rufe a ce masa ya dawo jibi, shi ma kuɗin mota ya kashe.

Cikin wannan halin ne wani tsohon abokin aikin ƙanina ya haɗa ni da wani ƙaramin kamfanin manyan motocin dakon kaya a Kanada, suna neman mai riƙe musu littafin lissafi. Suka gwada ni, suka ce sun ɗauke ni. Da na juya kuɗin da suka ambata zuwa naira, sai da na sake bugawa a kalkuleta, domin abin da zan samu a wata ɗaya ya fi albashina na rabin shekara.

Kowa ya ce in haɗa biyu. Ai da yamma ne aikin, wa zai sani? Da yawa haka suke yi. Amma ni na san abin da kundin tsarin mulki ya ce a dokar ɗa'ar ma'aikata: ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci ba ya gudanar da wata sana'a ta kansa, in ba noma ba. Kuma ko ba doka, na san jikina. Wadda ta kai ƙarfe sha ɗaya na dare tana aiki ba za ta iso sakatariya ƙarfe takwas da hankalinta ba, ƙarshenta in koma cikin masu aiko a sa musu hannu, in riƙa cin albashin da ban yi wa aiki ba in ciyar da marayu da shi. Na je wurin shugaban sashenmu na ce, "Ranka ya daɗe, ko za a ba ni hutu ba albashi na shekara ɗaya?" Ya ce irin wannan dalilin ba ya cikin waɗanda ake bayarwa a kansu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malama, in kin tafi wa zai riƙe mana kwamfutar nan?" Ban da amsa.

Wurin Baba ne abin ya fi nauyi. Na same shi a zaure bayan magariba, na durƙusa na faɗa masa. Ya daɗe bai ce komai ba. "Uwata, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Mutanen da ba ki taɓa gani ba, ranar da suka ce ba sa yi, wa za ki kai wa ƙara?" Na ce, "Baba, ƙwan ne ya daina ƙosar da mu. Babbar jikarka ta yi mako biyu a gida saboda kuɗin makaranta." Shi kansa ya san irin jiran da ya yi kafin garatutinsa ta fito, ya san abin da fanshonsa take saya yanzu. Ya ce in yi istihara. Na yi, na rubuta takardar ajiye aiki. Ranar da na miƙa ta na shiga banɗakin ofis na yi kuka mai isata, don ji nake kamar na sayar da gadon gidanmu.

Watannin farko na sha iska. Na biya bashin jinya, yara suka koma makaranta, na sa sola da batir ina biya wata-wata. Na sayi wa Baba magungunansa na wata uku a lokaci ɗaya, abin da ban taɓa yi ba. Ina gida yara suke dawowa daga makaranta, in ba su abinci da hannuna, in raka su da ido zuwa Islamiyya, sannan in zauna aiki. Ga macen da take riƙe da marayu ita kaɗai, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma har yau ina cewa aiki daga gida rahama ne ga irinmu.

Amma akwai abin da ba a faɗa. In su suna ƙarfe tara na safe, mu muna biyu ko uku na rana, gwargwadon lokacin shekara, don haka tashina sai goma ko sha ɗaya na dare. Da azumi, dabino da ruwa a gefen kwamfuta nake buɗa baki, asham kuma sai dai in yi ni kaɗai can cikin dare. Ranar Sallah ranar aiki ce a wurinsu. Ba hutun shekara, ba na rashin lafiya, ba fansho, ba ƙungiya irin NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi da za ta tsaya maka, domin a takarda ni ba ma'aikaciyarsu ba ce, 'yar kwantiragi ce. Kuɗin ma ba tsayayye ba ne: a Fabrairun 2024 dala ta kusa naira 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa Afrilu ta sauko kusan 1,100, abin da nake samu ya zabge ba tare da an rage min ko sisi ba, kayan masarufi kuma ba su sauko ba. Ranar 14 ga Maris na shekarar, cikin azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma. Ina ta canza layi, ina ɗaga waya sama a tsakar gida, ga lissafin albashin direbobi ana jira. A Oktoba kuma wutar lantarki ta ɗauke a yawancin jihohin Arewa fiye da mako guda. Batirina ba ya kai ni ƙarshen aiki, sai na riƙa sayen mai ina zuba wa janareton maƙwabta, lita ta haura naira dubu. Mutumin da yake Kanada ba ya gane wannan. Sau ɗaya zai ce ba komai, na biyu ya yi shiru.

Sai dangi. Da aka ji ana biyana da dala, sai na zama bankin zuri'a. Ba na ƙin taimako, an taimake ni, amma ba wanda ya yarda in na ce babu. Ga kaɗaici. A sakatariya in ranka ya ɓaci akwai wadda za ta lura ta ce lafiya kuwa? A ɗakina ba mai gani.

A tsakiyar 2025 saƙon imel ya shigo, layi huɗu. Sun koma amfani da wata manhaja da take shigar da rasitai da kanta, sauran aikin kuma matar mai kamfanin za ta riƙa yi. Sun gode, za su biya ni zuwa ƙarshen mako mai zuwa. Shi ke nan. Na karanta a zaune, na tashi na ɗora tukunya, na dawo na sake karantawa. Abin da ya fara zuwa raina shi ne yadda zan kalli Baba. Da na faɗa masa bai ce ai na gaya miki ba. Cewa ya yi, "Wanda Ya ba ki wancan bai mutu ba."

Watannin da suka biyo baya sun yi tsanani. Na yi ta aika takardun neman aiki ta intanet, kuɗin data kuma ya tashi tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon shekarar. Masu nema sun yi yawa, daga Indiya, daga Filifins, daga Kenya, kowa yana karya farashi. Ɗan abin da na tara yana ta narkewa. Ana cikin haka autana ya kwanta da zazzaɓin taifod, hanjinsa ya huje, aka ce sai tiyata a daren. Ina tsaye a barandar asibiti da takardar kuɗi a hannu, abin da ke asusuna bai kai rabi ba.

Ban san wanda ya kai labari sakatariya ba. Da safe sai ga wata babbar yaya da muka yi zaman ofis ɗaya, ta zo da fulas ɗin kunu da ambulan. Ta ce, "Ƙanwata, ga wannan, 'yan ofis ne suka haɗa." A bayan ambulan ɗin an jera sunaye da abin da kowa ya bayar, yadda muka saba yi in an yi haihuwa ko rasuwa. Dubu biyu, dubu ɗaya, ɗari biyar. Har da dattijon nan mai takowa a ƙafa, ya ba da ɗari biyar. Na san albashin kowannensu, ni nake shigar da shi a da. Na san abin da ɗari biyar take nufi a wurinsa ranar ashirin ga wata. Kusan shekara biyu da barina wurin, ba su cire ni daga cikinsu ba. Kuɗin bai cike giɓin ba, ƙanina ne ya cike, amma ambulan ɗin nan ita ta tsayar da ni da ƙafafuna a ranar. Yaron ya tashi, alhamdu lillahi.

Na tambaye ta labarin ofis. An yi ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa dubu 70 a Yulin 2024, jihohi suka sa nasu: Kano dubu 71, Kaduna dubu 72, Legas dubu 85. Ta ce an ji daɗi, amma kasuwa ta riga ta cinye ƙarin tun kafin ya iso. Ranar 11 ga Yulin ne kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, aka yi ta murna, aiwatarwa kuma ta yi ta tafiyar hawainiya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne da ta ce yaran da suka iya kwamfuta duk sun watse, ɗaya ya tafi banki, ɗaya ƙungiyar agaji, ɗaya yana aiki irin nawa. Lissafin da na bari a Excel an koma yin sa a littafi.

Wannan yana ci min rai. Ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin da talaka yake gani da idonsa: asibitin sha-ka-tafi, kasuwa, kwalbati, kwashe shara, takardar shaida. Ba na cewa ta biya abin da kamfanin Kanada yake biya, ba za ta iya ba, kuma ba shi muke nema ba. Da albashina yana kai ni ƙarshen wata, da an mayar da fayilolin nan cikin kwamfuta an ce in zo kwana uku in yi biyu a gida, a auna ni da aikin da na gama ba da hannun da na sa a rajista ba, wallahi da ban tafi ba. Ma'aikacin jinya da mai shara dole su fito, wannan gaskiya ne, su ya kamata a ƙara wa kuɗin mota. Amma mai haɗa lissafi ba abin da yake yi a kan teburin sakatariya da ba zai yi a gida ba.

Yanzu ina riƙe wa wasu 'yan kasuwar garinmu littattafansu daga gida: wani kantin magani, wata makarantar kuɗi, da masu injin casar shinkafa. Da naira suke biya, bai kai na dala ba, ya fi na ƙaramar hukuma, kuma in ɗaya ya tafi saura suna nan. Na buɗe asusun fansho irin na masu sana'ar kansu, wanda hukumar fansho ta PenCom ta fito da shi a 2019, ina zuba abin da ya sawwaƙa. Na sa yara a inshorar lafiya. Duk wata ina ware kuɗin da ba na taɓawa ko wa ya zo da kuka, kuma na koyi faɗin haka ba tare da jin kunya ba.

Ranar Asabar wasu 'yan mata biyu daga tsohon sashenmu suna zuwa ina koya musu. Ɗaya ta ce ita so take ta iya ta gudu, ɗayar ta ce ita tana so ta zauna in za a bar ta ta yi aikin. Duk biyun nake koya wa, abu ɗaya. Da taimakon ta biyun na rubuta takarda zuwa ga sabon shugaban sashen, na nuna yadda za a shigar da harajin rumfunan kasuwa ɗaya cikin kwamfuta a gwada na wata uku, ni zan tsara musu ba tare da an biya ni ba. Ya karɓa, ya ce zai kai gaba. Makon jiya ta kira ni ta ce an ba su izinin fara tattara sunayen masu rumfa, amma ba a ba su kwamfuta ba. Na ce ta zo ta ɗauki tsohuwar tawa ta gwanjo, har yanzu tana aiki in an haɗa ta da wuta.